Iccen da Gwaggo Ta Tsinto a Tapoa

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. Wadda ta kawo ɗinki sai ta nemi kujera, wadda ba ta kawo komai ba ita ma sai ta zauna: "Rabi, wai da gaske kin ga giwa?" Na gani. Amma na gaji da ba da labarin guntu-guntu ina taka keke, har na kusa ɗinke hannun riga da wuyanta, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wadda ta ƙara tambaya sai in miƙa mata ta karanta da kanta.

Haihuwa ce ta kai mu. Lawali, ɗan Gwaggo Hajo ta Farfaru, yayar babanmu, shi aka yi wa ƙaruwa. Abokin wasana ne, tare muka tashi. Da ya girma ya bi motocin albasa zuwa Yamai, ya zauna can, kuma da yake kunne gare shi ya tsinci Zabarmanci da Faransanci. Ya auri wata Bazabarma, Hamsatu, ya sami aikin yi wa baƙi jagora a babban gandun dajin da ke bayan garin Say, inda kogin Tapoa ya ratsa duwatsu. Aikin na gwaji ne. In ya kai ƙarshen rani lafiya za a ba shi na dindindin, kuma da wannan aikin yake riƙe da gidansa. Ya taɓa gaya mini a waya cewa laifi ɗaya ne ba a yafewa a wurin: a fito da wani abin dajin cikin motar da ya ja, ko da gashin zabo ne. In aka samu, ko dai jagoran ya miƙa baƙon da ya ɗauka ga hukuma, ko shi ya ɗauki laifin ya bar aiki. Na yi masa dariya a lokacin, na ce wa zai saci gashin zabo.

Gwaggo ba ta taɓa wuce Maraɗi ba, sai aka ce in raka ta. Ranar tafiya na same ta a tashar Jibiya zaune gefen wata tukunyar ƙarfe irin ta biki, wadda ake dafa shinkafar unguwa guda. A ciki ta cusa gero da kanwa da daddawa da citta da ƙulli-ƙullin yajin jego, ta ɗaure murfin da igiya.

Na ce, "Gwaggo, can ɗin ba su da tukwane ne?"

Ta ce, "Ni na san irin tukwanensu? Wankan jego za ni yi ma yarinya, ba shayi za ni dahwa ba."

Direba ya ƙi, ya rantse, daga baya ya ɗaure tukunyar a but, murfin but ɗin a buɗe. Muka wuce Magama ba wata matsala, sai duba takardu. A ɓangaren Nijar ne wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, matashi mai ladabi, ya ce a kwance. Ya duba gero, ya duba kanwa, ya zo kan ƙullin yaji ya kai hanci kafin Gwaggo ta buɗe baki. Atishawa ya dinga yi har hularsa ta faɗi, abokan aikinsa na dariya. Da ya sami kansa ya share hawaye ya ce, "Hajiya, wanga ai makami ne. Ku tahi, Allah shi raya jariri." Gwaggo ba ta yi dariya ba, ta tsaya sai da ta ga an ɗaure ƙullin yadda ta ɗaure shi.

A Maraɗi muka kwana gidan wata 'yar uwar mahaifiyata. Abu na farko da ya ɗaure mini kai, na fita da rana tsaka neman zare, na tarar da shaguna da yawa a rufe, wai masu su sun tafi hutun rana. A Jibiya wanda ya rufe shago a wannan lokaci sai a je gidansa a yi masa gaisuwa. Na biyu kuma motar Yamai. An gaya mana lokacin tashi, muka ɗauka irin namu ne, sai an cika an ƙara. Gwaggo na can tana alwala a natse sai na ji injin ya tashi, ga kujeru ba kowa a baya, ga mota tana juyawa. Na bi ta ina buga ƙofa da takalmi a hannu. Da aka tsaya muka shiga, ba wanda ya yi mana faɗa, kallonmu kawai aka yi, kuma wannan kallon ya fi faɗa ciwo.

Hanyar doguwa ce ƙwarai. Ƙonni, Dogon Dutsi, duk Hausa ake yi, sai dai ta fi tamu nauyi a baki. Bayan nan Hausar ta fara janyewa, da muka isa Doso sai masu talla ke kiranmu da abin da ba mu ji. Na sayi burodinsu dogo wanda mutane ke maƙalewa a hammata ba leda ba takarda. Gwaggo ta gatsa ta ce an cuce ni, na bara ne. Matar da ke gefenmu ta ce a'a, na safiyar nan ne, haka ake son shi. Gwaggo ta jiƙa nata da ruwa.

Kafin mu shiga Yamai mota ta rage gudu, mutane suka leƙa taga. Raƙuman dawa ne suke tsallaka titi, a hankali, har da ƙaraminsu. Ga wani manomi can zaune bisa amalanke, ko ɗaga kai bai yi ba. Ni dai bakina a buɗe yake.

Gwaggo ta tambayi matar nan, "Na wa ne?"

"Ba na kowa ba ne, Inna. Gwamnati ke tsaronsu."

"Ba na kowa ba, kuma sunka kai wanga girma ba a yanka ba?"

Matar ta yi dariya. Gwaggo ta ce lalle mutanen ƙasar nan ba su san yunwa ba, ko kuma tsoro ya yi masu yawa.

Yamai ban gan ta sosai ba. Na ga mata bisa babur suna tuƙa kansu da jaka a kafaɗa, na ga kogin Kwara daga kan gada har kaina ya juya, na ci dambun zogale a bakin tasha wanda har yau nake tunawa. Can Lawali ya tarye mu. Ya durƙusa har ƙasa, Gwaggo ta kau da kai tana tambayar ko an sauke tukunya, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗi. Ni kuwa na ce masa ya yi baƙi ya rame kamar wanda ake kiwo da kallon namun daji. Ya ce ni ma keke ya cinye mini ƙafafu.

Ƙauyen su Hamsatu yana dab da gandun dajin, bayan Say da Tamu, kuma tana gidan iyayenta tun da haihuwar fari ce. An karɓe mu hannu bibbiyu. Kalma ɗaya na koya, "fofo", ita ce sannu, ita ce na gode, da ita na rayu. Uwar Hamsatu ta kawo tuwo da miyar kifi, aka miƙo jariri, namiji, an riga an yi suna. Gwaggo ta karɓe shi ta juya shi ta ce kunnuwan na gidanmu ne.

Da safe ne hankalinta ya tashi. Ta bi bayan ɗaki don ta karɓi aikin wanka, ta tarar da wata 'yar tukunya bisa 'yan ƙirare, ta tsoma gwiwar hannu ta fitar ba ko ja. Na ga fuskarta ta canza.

Ta sa aka kira Lawali. "Da wanga ruwa ake yi ma mai jego wanka?"

Ya ce, "Inna, malamar asibiti ta ce mai ɗumi ya isa, mai zafi sosai ma illa yake yi. Kuma icce nan tsada gare shi, daga nesa ake kawowa."

Ta nuna bayan gonaki, inda itatuwa suka yi duhu. "Wancan mi ne ne?"

"Wancan ba a taɓawa."

"Iccen jego bisa wuyan miji yake. A ce ɗan Farfaru ya aje ɗiyar mutane cikin ruwan sanyi?"

Ya ce ya riga ya yi magana da mai amalanke, ranar kasuwa zai kawo. Ranar kasuwa kuwa da saura. Gwaggo ta ɗora tukunyarta a ranar, kafin ta tafasa ta cinye duk itacen da gidan suka ajiye na girki, uwar Hamsatu na tsaye tana kallo.

Dole in faɗi wani abu a nan, don kada ku ɗauka rigima ce kawai irin ta tsofaffi. Gwaggo ta yi 'ya mace, Asabe, ƙanwar Lawali. Ta haihu a gidan miji can wajen Riko, jikinta ya kumbura, ba ta kai arba'in ba ta rasu. Matan ƙauye suka ce sanyi ne ya shige ta, ba a yi mata wanka da ruwa mai zafi yadda ya kamata ba. Ko haka ne ko ba haka ba ne, Allah ne masani, ni tela ce. Amma Gwaggo ta yarda, kuma tun daga nan ba ta iya ganin mai jego ta zauna lafiya. Duk lokacin da Hamsatu ta wuce sai na ga tana bin ƙafafunta da kallo.

Don ya kwantar mata da hankali, kuma don ta ga inda yake aiki, Lawali ya nemi izini ya shiga da mu dajin. Ya samo motar wani abokinsa Sumana, a-kori-kura mai kujeru gaba da baya, da tamfol a can baya an rufe taya da jarkokin ruwa. Lawali ya fito cikin kayan aiki har da hula, ya yi kyau, ban gaya masa ba. A ƙofa aka rubuta sunayenmu, aka ɗaga ƙarfe muka shiga.

Ba mu yi nisa ba zabbi suka tare hanya, garke guda, suna tafiya gaban mota ba su da niyyar kaucewa. Sumana ya tsaya yana jiransu. Ni da na saba ganin zabo ɗaure da ƙafa a kasuwar Jibiya, sai na ji abin ya yi mini banbaraƙwai. Muka ga gwanki, muka ga ɓauna suna kallonmu da raini, birai suka zauna bakin hanya suna sosa ciki. Can Lawali ya ɗaga hannu aka kashe inji. Giwaye ne. Ban ji tafiyarsu ba, sai ƙarar rassa na karyewa, sai ga su sun fito ɗaya bayan ɗaya. Na karanta duk addu'ar da na sani, na riƙe hannun Gwaggo, sai na lura ita ba giwa take kallo ba. Ƙasa take kallo.

Itace ne ko'ina. Manyan bishiyoyi sun faɗi sun bushe a inda suke, ƙirya da marke, rassan da giwa ta karya ta wuce, gara na ci, ba wanda ya taɓa sa masu gatari. Ku da kuka san yadda matan Farfaru ke fita da asuba su dawo da 'yan karare da kashin shanu, kun san abin da ta gani.

Ta ce a hankali, "Wanga duk ruɓewa shika yi?"

Lawali ya ce, "Shi ne abincin ƙasar, Inna."

Ta ce, "Uhm."

Da rana ta take muka kai kwazazzabon kogin Tapoa. Hanya ta bi gefen dutse, ta ɗaya hannun kuma ƙasa ta yanke kawai, can ƙasa ga ruwa kore tsakanin bangaye biyu na jan dutse. Na matsa tsakiyar kujera na daina leƙe. A wani fili aka tsaya, inda aka yarda baƙi su sauka. Lawali ya ce mu gangara kaɗan ya nuna mana kadoji. Gwaggo ta ce gwiwoyinta ba za su iya ba, za ta zauna a inuwar mota. Sumana ya ɗauki buta ya bi mu don ya yi azahar a wani falalen dutse. Muka gangara, na ga kadoji kwance baki buɗe, na ga tsuntsaye masu launin da ko a atamfa ban taɓa gani ba. Wurin shiru, da sanyi mai daɗi. Lawali yana ta bayani, yana kiran kowace bishiya da sunanta, na ga mutumin da ya sami abin da yake so a duniya. Mun daɗe a can.

Da muka hau, Gwaggo na zaune inda muka bar ta, tana haki kaɗan, da alamar karcewa a damtsenta. Ta ce ƙaya ce. A hanyar komawa kuwa sai fara'a, har tana yabon dajin, tana cewa Allah ya yi masa albarka. Na yi murna, na ce a raina iska ta yi mata amfani.

A ƙofar fita wani dattijon ma'aikaci mai furfura ya zagaya motar kamar yadda suke yi wa kowa. Ya ɗaga tamfol. Na ji ya kira Lawali da wata murya, na sauka na bi su. Itace ne cike da bayan motar, an jera shi tsaf, masu kauri a ƙasa, sirara a sama, jeri irin na macen da ta yi shekaru tana ɗaurin icce. Yadda tsohuwa mai ciwon gwiwa ta loda wannan ita kaɗai, har yau ban gane ba.

Lawali ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya zo tagar da Gwaggo take ya ce, "Inna, zauna nan, kada ki fito."

Ta ce, "Ka ce masu na jego ne. Ai su ma mata sunka haife su."

Ya koma ya fara magana da Faransanci. Sumana na kusa da ni, na ce masa me yake cewa. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ya ce shi ya loda. Ya ce matarsa ta haihu."

Na ce ƙarya ne, ai tare muke a ƙasa. Na yunƙura zan yi magana, Sumana ya riƙe gefen mayafina. Ya ce in aka ce tsohuwa ce, dole a kai ta Say wajen jandarma, jami'an tsaron can, ta zauna benci ɗaya da masu farautar sata har a yanke mata hukunci. Dattijon nan ba wawa ba ne. Ya dubi jerin iccen, ya leƙa ya dubi Gwaggo da ɓawon ƙirya maƙale a zanenta, ya sake tambayar Lawali a hankali, kamar mai ba shi hanya. Lawali ya maimaita abin da ya faɗa. Dattijon ya girgiza kai, suka shiga ofis tare. Wasu suka sauke iccen suka tara shi gefen ƙofa.

Da Lawali ya fito ya shiga mota ya ce, "Inna, sun ce iccen na gwamnati ne, sai dai a bar shi nan. Ba komai." Gwaggo ta yi ta mita har gida, wai ƙasar da ake tsaron ruɓaɓɓen icce a bar mutum. A bakin ƙofar gida ya ja ni gefe ya ce in na gaya mata bai yafe ba. Na zage shi, zagi na gaske ba na wasa ba, na yi kuka. Ya ce, "To ke da kina wurina, uwarki za ki miƙa?" Haka na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba.

Ranar kasuwa mai amalanke ya kawo itace kamar yadda aka yi alkawari. Tukunya ta tafasa, Gwaggo ta yi wankanta da ganye, ta dama kunun kanwa. Na kama uwar Hamsatu tana zuba ruwan sanyi a ɓoye in Gwaggo ta juya baya, muka haɗa ido, na ce fofo. Hamsatu lafiyarta ƙalau. Lawali kuwa ya daina fita da safe, ya ce hutu aka ba shi, yana zama ƙofar gida yana buga waya ga masu motocin albasa. Gwaggo da ta zo da niyyar sai an yi arba'in, sai ga shi wata safiya ta ce in haɗa kaya, gida za ta. Tukunyar ta bar wa Hamsatu.

Duk tsawon hanyar Yamai zuwa Maraɗi ba ta yi magana ba, ko abinci sai na matsa. Na ɗauka gajiya ce. Sai da muka shiga ƙaramar motar Jibiya, muka fara ganin manyan motocin hatsi jere ana jiran tsallaka iyaka, ta taɓa ni ba tare da ta dube ni ba.

"Rabi."

"Na'am, Gwaggo."

"Ni ba ni jin Faransanci. Amma yaron nan da hula ya shiga ɗakin can, ya hito babu."

Na yi wa Lawali alkawari, amma ba abin da ya rage da zan ɓoye.

Ta ce, "Ana maida ma mutum in an roƙa?"

Na ce, "Ban sani ba, Gwaggo. Ba na jin ana mayarwa."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Direba ya juyo ya ce kowa ya fito da takardunsa, na laluba jaka na ciro nawa da nata. Da na miƙa mata ba ta karɓa ba.

Ta ce, "Da ya bari sun kama ni. Ni mi gare ni da za su amshe?"